Kundin aikin tantance kwalayen haɗa-hoto na gwanjo

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Kayan sun iso gida. Kwali 17 na wasan haɗa-hoto, wato hoton da aka yayyanka ƙwaya-ƙwaya ake sake haɗawa, da leda uku marasa kwali, duk a buhu guda, daga hannun wani mai fasa dilar kayan wasan yara a Ƙofar Wambai. Naira 26,000 muka daidaita, adaidaita sahu ya ci 1,500. Shi kansa mai kayan bai ɗauke su a bakin komai ba. Ya ce, "Malam, waɗannan ba sa tafiya. Mota da 'yar tsana ake nema. Wannan in mutum ya buɗe ya ga kwali a yayyanke, sai ya rufe ya ajiye." Ina ganin dalilin mutane. A tsaye cikin kasuwa babu mai iya sanin ko ƙwayoyin sun cika.

Niyyata yaran da ke zuwa lesin da yamma a zaure su riƙa aro suna haɗawa. Amma na sa wa kaina sharaɗi: ba kwalin da zai shiga hannun yaro sai na san kamfanin da ya yi shi, lambarsa, ainihin yawan ƙwayoyinsa, girmansa in an gama, da kuma ko ya cika. Yaron da ya kwashe mako yana haɗa hoto ya zo ƙarshe ya tarar da rami a tsakiya, ba zai sake ɗaukar wani ba, kuma ba zan ga laifinsa ba.

Abin da zan dogara da shi wani rumbun bayanai ne a intanet, inda masu sha'awar wannan wasa daga ƙasashe daban-daban suke shigar da kwalayen da suka mallaka, kowane kwali da shafinsa. Na ware littafi mai layi na rajista. Kowane kwali na liƙa masa lamba daga 1 zuwa 17.

Lahadi, 5 ga Janairu

Yau na zauna da rumbun sosai, bayan na sa data ta Naira 1,500.

Shafin kowane kwali yana ɗauke da hoton gaban kwalin, sunan kamfani, sunan da aka ba hoton, wanda ya zana ko ya ɗauki hoton, yawan ƙwayoyin da aka rubuta a kwali, tsawo da faɗi da santimita, shekarar fitowa, lambar kaya ta kamfani, da lambar bakod, wato lambobi 13 da ke ƙarƙashin layukan nan baƙaƙe da ake haskawa a kanti. A wasu shafukan akwai ƙari: hoton bayan kwali, hoton wasan bayan an gama shi, irin yankan, da ɗan bayanin da wanda ya haɗa ya bari. Wasu kuma daga suna sai hoto, sauran gurabe fayau. Ya danganta da himmar wanda ya shigar.

Nema da suna wahala ce. Sunayen da Jamusanci suke, ko Italiyanci, ko yaren Folan, kuma hoto ɗaya kan fito da suna daban a kowace ƙasa. Da na koma nema da bakod sai aiki ya yi sauƙi: ka rubuta lambobin, shafi ɗaya tak ya fito. Daga nan kuma na fara gane kwalayen tun kafin in buɗe waya. Lambobin farko na bakod suna nuna ƙasar da kamfanin ya yi rajista. Daga 400 zuwa 440 Jamus ce, 590 Folan, 800 zuwa 839 Italiya, 84 Sifaniya, 87 Holan, 50 Birtaniya. Tamu ta Najeriya 615 ce, ko da yake babu ita a buhuna. Wannan ba ya nufin a ƙasar aka buga kayan, rajistar kamfani kawai yake nunawa.

A cikin nawa, shida na Ravensburger ne, masu alamar kusurwa shuɗiya a gefen kwali, duk bakod ɗinsu ya fara da 4005556. Kamfanin tsoho ne, Otto Maier ya kafa shi a garin Ravensburg a 1883, amma sai a 1964 ya fara yin haɗa-hoto. Akwai Clementoni na Italiya guda biyu, Trefl na Folan biyu, Educa na Sifaniya ɗaya, Jumbo na Holan ɗaya. Sauran ko dai babu sunan kirki a jikinsu ko kwalin ya yage daidai wurin.

Na samu shafukan kwali 11. Shida sun rage.

Laraba, 8 ga Janairu

Warin dila ya yi yawa. Na baje ƙwayoyin kwali huɗu a tire a inuwar baranda su sha iska. Ban sa su a rana ba, gudun kada hoton ya ɗaye daga jikin kwalin. Leda mai zif na sayo, Naira 2,400, kowane wasa da tasa da lambarsa a jiki.

Asabar, 11 ga Janairu

Ranar ƙirga. Na fara da lamba 3, Ravensburger, an rubuta 1000 ɓaro-ɓaro a kwali. Ni da ɗiyar ƙanwata muka yi ta tara su goma-goma a kan tabarma, kowane tari goma muka zuba a kofi. Muka tashi da 1008. Ta ce, "Kawu, takwas baƙi ne, daga wani kwalin suka faɗo." Ni ma haka na zata, domin kayan gwanjo ba abin da ba ya faruwa da su.

Shafin kwalin ne ya raba gardama. Can ƙasa, a gurbin yanka, wani ya rubuta 36 × 28. In ka ninka, 1008 ke nan cif. Ashe dubun da ke jikin kwali kimantawa ce. A yawancin kwalaye injin yanka layi-layi yake yi, tsaye da kwance, saboda haka a irinsu jimilla dole ta zama ninkin lambobi biyu da suka dace da siffar hoton. Wasu kamfanonin 38 × 27 suke yi, su tashi da 1026. Wasu 40 × 25, dubu daidai. Masu 500 kuma da yawansu 27 × 19 ne, wato 513.

Wannan ya sauya mini aikin gaba ɗaya, kuma ya tayar mini da hankali. Da a ce na ƙirga wani kwali na samu 1000 daidai, da na rubuta "ya cika" na miƙa wa yaro, alhali in yankansa 38 × 27 ne, ƙwaya 26 ce ta ɓata. Lambar da ke gaban kwali ba ta isa a yanke hukunci da ita ba. Ɗan layin nan da wani bawan Allah ya ɗauki wahala ya ƙirga ya rubuta a shafi, shi ne kaɗai ya ba ƙirgata ma'ana. A shafuka 11 da na samu, biyar ne kawai ke da shi.

Ga waɗanda ba su da shi, na yi tunanin in ware ƙwayoyin gefe, masu baki ɗaya a miƙe, in gano yankan daga yawansu. Lissafin: a haɗa tsawo da faɗi, a ninka biyu, a cire huɗu saboda kusurwoyi. Na 36 × 28 ya ba da 124. To amma 38 × 27 yana ba da 126, haka 40 × 25 ma 126 yake bayarwa. Ƙirgar gefe kaɗai ba za ta bambanta su ba, sai an haɗa firam ɗin an ƙirga kowane ɓangare. Aiki ya ƙaru, amma babu wata hanyar.

Lamba 3 ya cika. Shi ne na farko a rajista.

Lahadi, 12 ga Janairu

Kafintan layinmu ya yanko mini filawud, santimita 80 da 60, ya buga masa siririn katako a baki huɗu don kada ƙwaya ta zame. Shafukan ne suka ba ni awon: mafi girma a masu dubu da nake da su 70 da 50 ne. Naira 7,000. Yanzu ana iya ɗaga aiki a tura ƙarƙashin gado in an tashi.

Juma'a, 17 ga Janairu

Kwali lamba 9 Ravensburger ne, amma an taɓa liƙa masa takardar farashi a kan bakod, da aka ɓare ta sai ta tafi da lamba ɗaya, ta goma a jere. Gaban kwalin ma ya goge daidai wurin suna. Hoton tashar jiragen ruwa ne da gidaje masu launi, irinsa kuwa ba iyaka a rumbun.

Lambar ƙarshe ta bakod ba ado ba ce, ta tabbatarwa ce. Ana tara lambobin da ke gurbi na 1, 3, 5 har zuwa 13 yadda suke, a ninka waɗanda ke gurbi na 2, 4, 6 har zuwa 12 sau uku, a haɗa duka. Jimilla dole ta ƙare da sifiri. Na lissafa sha biyun da ke bayyane, suka ba ni 87. Wadda ta ɓata a gurbi na goma take, za a ninka ta uku. Lamba ɗaya ce kawai daga 0 zuwa 9 da za ta kai 87 ga ninkin goma: 1, domin 87 da 3 casa'in ne. Na rubuta, shafin ya buɗe, ga tashar jiragen ruwan nan.

Na kai wannan lissafin aji da yamma, na rufe lamba ɗaya a bakod ɗin kwalin ashana da na gwangwanin madara na ce su nemo. 'Yan aji shida sun kama shi nan da nan, har suna gardama a kan wa ya riga.

Shafuka sun zama 12.

Lahadi, 19 ga Janairu

Yau aiki ya tsaya cak a kan lamba 5. An rubuta 500 a kwali, amma tun daga nauyinsa na san da magana. Da muka zuba sai ga ƙwayoyi sun haura 800. Wasa biyu aka cakuɗa, kuma dukansu akwai sararin sama mai shuɗi da ciyawa kore, girman ƙwayoyin ma kusan ɗaya.

Na fara gwada awo. Na aro ƙaramin sikeli wurin maƙwabciya mai yin kek, da tunanin ko nauyi zai bambanta su. Bai yi ba. Kowace ƙwaya ba ta kai giram ɗaya ba, kuma a cikin wasa ɗaya ma mai kunne huɗu (ɗan tsinin da ke shiga gurbin wata ƙwaya) ta fi mai gurbi huɗu nauyi. Sikelin zai iya gaya maka ko leda ta kusa cika, ba zai iya gaya maka an rasa uku ba.

Mafita ta zo daga hoton da wani ya ɗora a shafin lamba 5, inda ya kifa ƙwayoyi ya ɗauki bayansu. Shuɗi-shuɗi ne, kamar yadda na Ravensburger suke. Muka kifa namu gaba ɗaya. Wasu shuɗi, wasu ruwan toka. Da rana bambancin a fili yake, amma da magariba ta yi kuma aka ɗauke wuta, a hasken fitilar caji duk iri ɗaya suka koma. Muka yi ta tsinta kamar masu tsince tsakuwa a shinkafa har ido ya gaji, na ce a bari sai gobe da hantsi.

Masu bayan ruwan toka 331 ne. Ba su da kwali, ba su da suna. Na ɗaure su a leda na rubuta "baƙin lamba 5". Shi kuwa lamba 5 ɗin, bayan an raba, ƙwaya biyu ya rasa.

Asabar, 25 ga Janairu

Na ba manyan yara uku lamba 12, na kamfanin Jumbo, su haɗa firam ɗinsa don in san yankan. Suka wuce firam suka shiga ciki, sai ga su da ƙorafi. Babbansu ya ce, "Malam, wannan ba hotonsa ba ne. Mutanen da ke kwali ba su ne a ciki ba." Na duba, gaskiya ne. Salon zanen ɗaya, launuka sun yi kama, amma abin da ke fitowa daban. Na ɗauka wata cakuɗar ce, raina ya ɓaci.

Na koma shafinsa na karanta bayanin har ƙasa. Irin da ake kira Wasgij ne, wanda aka fara fitarwa a 1997. Da gangan aka yi shi haka: hoton kwali yana nuna mutane suna kallon wani abu cikin firgici ko mamaki, kai kuma abin da suke kallo za ka haɗa. Shafin ya ɓoye hoton amsar, sai ka danna da kanka zai buɗe, kuma na yaba wa wanda ya tsara hakan. Na tambayi yaran ko in nuna musu. Suka ce a'a, a bar su. Na rufe wayar.

A rajista na ƙara gurbi sabo mai suna "gargaɗi", na rubuta a gaban lamba 12 cewa hoton kwali ba shi ake haɗawa ba. A gurbin ne kuma zan riƙa rubuta waɗanda ke da alamar nan ta fuskar jariri da aka ja wa layi, mai 0–3, domin gidajen da kwalayen za su shiga akwai masu rarrafe, kuma ƙwaya tana iya maƙale wa yaro a wuya.

Laraba, 29 ga Janairu

Ƙirga kawai. Lamba 1, 2 da 7 sun cika. Lamba 8 ya rasa goma sha ɗaya, na ajiye shi gefe. Data 1,500.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Lamba 14 shi ne wanda na fi so a buhun: taswirar duniya ta yara, ƙwayoyi manya, 300 aka rubuta. Babu shi a rumbun ko kaɗan. Gindin kwalin, inda bakod da shekara suke zama, an maye shi da wani kwalin daban an naɗe da salatif. Na yanke shawarar in buɗe masa shafi da kaina, tunda na ci moriyar wahalar wasu. To amma me zan rubuta a gurbin shekara?

Taswirar ce ta ba da amsa, bayan mun haɗa ta jiya da yau. Sudan ƙasa ɗaya ce a jiki, babu Sudan ta Kudu, to kafin Yulin 2011 ke nan. A tsakiyar Afirka an rubuta Zaire, sunan da aka sauya zuwa Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango a 1997. Tauraron babban birnin Najeriya a Abuja yake, ba Legas ba, kuma a Disambar 1991 aka koma Abuja. Jamus ɗaya ce. Cek da Sulobakiya a rabe suke, rabuwar da aka yi a farkon 1993. Eritiriya ma tana nan da launinta daban da na Habasha, ita kuma a 1993 ta samu 'yanci. Saboda haka an zana taswirar tsakanin 1993 da 1997. Ban sa shekara ɗaya a gurbin ba. Na bar shi fayau, na rubuta wannan tazarar da hujjojinta a wurin bayani, na ƙara da cewa shekarar zana taswira ba lallai ta zama shekarar buga kwali ba, tunda kamfani na iya ci gaba da buga tsohon hoto.

Abin da ya ƙara mini son wannan kwalin, da taswira aka fara wannan wasa tun asali. John Spilsbury, wani mai zana taswira a Landan, a shekarun 1760 ya riƙa liƙa taswira a jikin siririn katako yana yanka ta a kan iyakokin ƙasashe, don a koya wa yara labarin ƙasa. Ta Turai da ya yi a 1766 ita aka fi ambata. Na ga amfanin hakan da idona: yarinyar da ta riƙe ƙwayar da tafkin Cadi ke jiki tana neman inda za ta shiga, sai da ta ambaci Nijar, Najeriya, Kamaru da Cadi ba tare da na tambaye ta ba. Zan gaya musu dai cewa taswirar ta tsufa, mu nemo abin da ya sauya tare.

Yankan 20 × 15 ne, 300 daidai, ya cika. Na auna shi, na ɗauki hoton gaba, da na bayan ƙwaya, na tura. An ce sai masu kula da rumbun sun duba kafin ya fito.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Leda ta farko, wadda ba kwali ba hoto. Tun ranar Litinin ake kanta a kan filawud, da daddare ni, da yamma yara. Haɗa hoton da ba ka san kamanninsa ba aiki ne na haƙuri: launi kawai kake bi da siffar kunne. Ranar Laraba hasumiyoyi farare suka fara fitowa a kan dutse, daji a ƙasa ganye ya yi ja da rawaya. Fadar Neuschwanstein ce ta jihar Bavariya a Jamus, wadda Sarki Ludwig na Biyu ya fara ginawa a 1869, ya rasu a 1886 ba a kammala ta ba.

Sanin sunan bai rage wahala ba. Da na rubuta shi a rumbun, shafuka suka yi ta zubowa, kusan kowane kamfani ya taɓa buga wannan fada, wasu da ƙanƙara, wasu da bazara, wasu daga sama. Na rage su da masu dubu, sannan masu jan ganye, sannan na koma ga awo. Masu dubu na Ravensburger 70 da 50 ne, na Clementoni 69 da 50, na Educa 68 da 48, na Trefl 68.3 da 48, na Castorland 68 da 47. Nawa ya ba da 68 da ɗan ɗoriya, da 48. Shafuka biyu suka rage, hoton kusan ɗaya, bambancin awonsu milimita uku, kuma wasan da aka haɗa a kan katako yana iya buɗewa ko ya matse fiye da haka. A rajistata na rubuta duka biyun da alamar tambaya. A rumbun ban taɓa komai ba. Wanda ya sa zato a gurbin tabbas ya cuci duk wanda zai zo bayansa, kuma ni na san yadda na dogara da layin wani a kan lamba 3.

Ga kuma ɓarnar jiya. Iskar hunturu ta taso da la'asar, ta banko tagar zaure, labule ya share tiren da ƙwayoyin sararin sama ke kai. Suka watsu har tsakar gida. Mun tsince, mun share, mun tankaɗe sharar da rariya. Ɗaya ta faɗa kusa da bakin rijiya inda ƙasa ke da laima, ta kumbura ta rabu falle-falle. Na shafa mata farin gam a tsakani da tsinken ashana, na danne ta da dutsen guga cikin takarda har safe. Ta shiga gurbinta, sai dai ta ɗan fi 'yan'uwanta kauri. Gam Naira 700. Daga yau tire ba ya kwana a buɗe, kuma ba ya zama kusa da taga.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Na ga alamar kyankyaso a gefen kwali biyu. Na sayo manyan robobi masu murfi guda biyu, Naira 9,000, duk ledojin sun koma ciki. Kafin damina dole kwalayen ma su bar ƙasa saboda gara da laima.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Lamba 6, hoton dabbobin dawa a bakin ruwa, ƙwaya ɗaya tak ya rasa, a wuyan raƙumin dawa. Yara sun fi son sa a kan kowanne. Mai kayan ya kira ni ya ce ya fasa sabuwar dila ya ga irinsa, kwalin a yage, ƙwayoyin ma ba su cika ba. Na karɓo a 1,800 don in ciri ɗaya. Bakod ɗaya, lambar kaya ɗaya, hoto ɗaya.

Ƙwayar ba ta shiga ba. Na samo wadda ke daidai wurin, layi na sha ɗaya, ta tara daga hagu, amma kunnenta ya fi gurbin faɗi, kuma zanen wuyan ya goce da kusan milimita biyu. Na koma shafin na karanta bayanan da ke ƙasa, sai na ga wani ya rubuta cewa bugu biyu ne, ya ɗora hoton kwalayen biyu: tambarin kamfanin ya ɗan bambanta a kusurwa. Nawa ɗaya tsohon bugu ne, ɗaya sabo. Wuƙar da ke yanka waɗannan hotuna siraran ƙarafa ne da ake lanƙwasawa a kafa a jikin katako, a danna su a kan hoton da ƙarfin inji. Tana dakushewa a sauya ta, kuma sabuwa ba ta zama daidai da tsohuwa. Ko da wuƙa ɗaya ce ma, takardar na iya ɗan gocewa a ƙarƙashinta daga wannan bugu zuwa wancan. Lamba ɗaya a kwali ba ta nufin ƙwayoyi za su yi musaya.

Sai na koma ga yin ta da hannu. Na zura farar takarda ƙarƙashin ramin na zana bakinsa da fensir mai tsini. Na liƙa fallen kwalin sabulu uku har kaurin ya yi daidai, na yanka da sabuwar reza kaɗan-kaɗan ina gwadawa, na goge bakin da abin gyaran farce. Hoton kuwa, daga kwalin na biyu na ɗauka a waya, aka buga mini a shagon kwamfuta da girman da ya dace, Naira 300. Launin ya ɗan fi na asali duhu. Daga tsaye ba a ganewa, in ka sunkuya za ka gani. Na sa ɗigon jan biro a bayanta, na rubuta a rajista cewa ƙwaya ɗaya ta hannu ce, don kada wani ya zata ta kamfani ce ya yi ƙirga a kanta.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Shafin taswirar ya fito a rumbun ranar Alhamis. Wani daga cikin masu kula ya gyara mini rubutun sunan kamfanin, ya bar bayanin shekarun yadda na rubuta shi. Na kuma cike gurbin yanka a shafuka huɗu da na tarar fayau, waɗanda na haɗa firam ɗinsu na ƙirga da hannuna.

Inda aka tsaya: a kwali 17, an tantance 12. Bakwai sun cika, ɗaya an yi masa gyara, huɗu suna da giɓi. Lamba 5 mai rashin biyu zan yi masa irin gyaran lamba 6. Lamba 8 da sauran biyun giɓinsu ya yi yawa, zan ajiye su don gwajin yanka. Biyar ba a taɓa ba, huɗu daga cikinsu babu shafinsu a rumbun, sai na buɗe musu. Ledar fada ta cika, tana jiran kwali, zan sa a buga mata hoton da na ɗauka bayan an gama. Kuɗin da aka kashe zuwa yau Naira 51,700.

Azumi ya gabato, lesin yamma zai tsaya, aikin zai koma bayan sallar asuba na ɗan lokaci kaɗan. Leda ta biyu mai sauƙi ce, bayan ƙwayoyinta fari ne da haruffa A zuwa F, kowane harafi yankinsa a hoto, ƙananan yara ma za su iya raba ta. Ta ukun ce nake zargi. Jiya na buɗe ta na kifa 'yan kaɗan: bayansu ruwan toka ne, akwai shuɗin sama da koren ciyawa, kuma ba su kai 200 ba. Na ɗauko ɗaya daga "baƙin lamba 5" na gwada da wata mai irin launinta, kunnen ya zauna daram. Gobe zan zuba su wuri ɗaya in ƙirga, in sun kai 500 ko 513 sai a fara firam.